Wai me Roosevelt yake nufi da "babu abin tsoro sai shi kansa tsoron"?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana tarihi. Jiya ƙanena da ke ajin ƙarshe a sakandare ya dawo da aikin gida, an ce su yi bayanin maganar wani shugaban Amurka, wai babu abin da ya kamata mu ji tsoro sai shi kansa tsoron. Na buɗe baki zan yi masa bayani sai na ga ni ma ban gane ba. Yunwa fa? Ciwo fa? Mai bindiga fa? Ni a kunnena ta yi kama da irin maganar da mai ƙoshi ke gaya wa mayunwaci. Wanda ya san asalinta ya taimaka.

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Ai ka gama magana ɗan'uwa. Zaƙin bakin 'yan siyasa ne, ko'ina halinsu ɗaya.

MalamarTarihi:
A'a Malam Bakatsine, mu ɗan tsaya. Wannan magana tana da ranarta da wurinta, in aka cire ta daga nan dole ta zama shirme. Franklin Roosevelt ne ya faɗe ta ranar Asabar 4 ga Maris 1933, a jawabin da ya yi bayan an rantsar da shi karo na farko. A lokacin Amurka ta shekara uku da 'yan watanni cikin karayar tattalin arziki, tun faɗuwar kasuwar hannun jari a Oktoba 1929. Cikin kowane ma'aikata huɗu, ɗaya ba shi da aiki. Bankuna suna ta rushewa, daga 1930 zuwa 1933 wajen 9,000 suka durƙushe, kuma in banki ya rushe kuɗin mai ajiya sun bi ruwa, don babu mai biyansa. A tsakiyar Fabrairu gwamnan Michigan ya rufe bankunan jiharsa, sai abin ya bazu kamar wutar daji. Da asubahin ranar rantsarwar ma aka rufe na New York da na Illinois.

Sannan mutane rabin jimlar kawai suke ɗauka. Bai tsaya a nan ba, ya faɗi irin tsoron da yake nufi: firgici marar suna, marar dalili, marar hujja, wanda ke shanye jikin mutane har su kasa yunƙurin da zai sa a daina ja da baya a fara matsawa gaba. A cikin jawabin kuma ya lissafa bala'in ɗaya bayan ɗaya, manoma ba kasuwa, masana'antu a rufe, ajiyar shekaru ta dubban iyalai ta salwanta, har ya ce wawa ne kawai zai musanta duhun da ake ciki. Ka ga kuwa ba cewa ya yi babu matsala ba.

Alhajin_Kwari:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Bari in kawo abin kusa, don ni da idona na ga irinsa a kasuwa. Shekaru da suka wuce akwai wani dattijo a layinmu, mutumin kirki, mutane da yawa na ba shi ajiyar kuɗi, mata da 'yan ƙauye da yaran shago. Ba a akwati yake kulle su ba, kowa ya sani yana juya su, ya sari atamfa da shadda, ya ba da kaya bashi, duk wanda ya zo neman nasa ya ba shi nan take. Shekara fiye da ashirin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Rana ɗaya wani ya ce ya ji an kama masa kaya a hanya, wai ya karye. Kafin la'asar ƙofar shagonsa ta cika. Ya biya na farko, ya biya na goma, ya biya na talatin, kuɗin hannu suka ƙare. Sauran dukiyar tana nan, amma tana cikin diloli da hannun masu bashi. Dole ya karyar da kaya a rabin kuɗinsu don ya sallami mutane. Wallahi da safiyar ranar dattijon nan bai karye ba, da magariba ya karye. Jita-jitar ƙarya ce lokacin da aka fara ta, mutane da ƙafafunsu suka mayar da ita gaskiya. Ni yau in aka ce tsoro shi ne abin tsoro, fuskar dattijon nan nake gani.

Ɗan_Fagge:
Alhaji wannan misali ya shige ni. To amma su masu ajiyar laifinsu ne? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai shafa wa naka ruwa za ka yi.

Alhajin_Kwari:
Ba laifin kowa ba ne a ɗaiɗaiku, nan ne abin yake da ciwo. Ni kaina da ina da ajiya a wurinsa da na bi layi.

Ɗan_Tsafe:
Ku yi haƙuri zan shigo da zafi. Na karanta duk abin da aka rubuta kuma na fahimta, amma ina roƙon kada wani ya kawo mana wannan magana yankinmu. Damina uku ke nan ban noma gonar mahaifina ba. Gona ce da nake iya hango bishiyoyinta daga bayan gari. An ɗauke ɗan yayana a hanyar kasuwa, sai da muka sayar da shanu biyu da babur. Tsoronmu yana da suna, yana da dalili, yana da hujja, yana yawo a kan babur da bindiga. Na taɓa jin wani mai jawabi ya ce mana mu daina tsoro mu koma gona, shi kuwa da motocin rakiya ya zo. Tun daga ranar duk wanda ya ce min tsoro ne matsalata sai in ji raina ya ɓaci.

Uwar_Khalifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa Malam, ya mayar muku da abin da kuka rasa. Gaskiyarka ce, babu mai hankalin da zai kira naku tsoron marar dalili.

Ni abin da maganar ta tuna min daban ne. Kun tuna daren ruwan gishiri a watan Agusta 2014, lokacin Ebola? Ƙarfe uku na dare yayata ta kira ni tana kuka, wai a tashi yara a yi musu wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Na tashe su kuwa, na dama gishiri, har surukata mai hawan jini ta sha kofi guda. Kwana biyu muka yi da ita a asibiti. Cutar ba ta zo unguwarmu ba, ba ta ma zo jiharmu ba, amma gishirin ya kusa kashe mana tsohuwa. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Mai_Nazarin_Hausa:
Abin da Ɗan_Tsafe da Uwar_Khalifa suka faɗa ya nuna inda gizo ke saƙa, wato a fassara. Mu a Hausa ba kalma ɗaya muke da ita ba. Akwai tsoro, wanda kan zo da abin da ake gani, kamar maciji a ɗaki. Akwai fargaba, ta abin da bai zo ba tukuna, kana kwance gabanka na faɗuwa. Akwai razana, ta farat ɗaya. Akwai kuma firgici, wanda ke raba mutum da hankalinsa har ya faɗa rijiya yana gudun kare. Da ni aka ba fassarar, cewa zan yi: babu abin da zai kashe mu kamar firgici. Bahaushe bai taɓa zagin tsoro gaba ɗaya ba, shi ya ce tsoro na daji, kunya na gida, wato kowanne da muhallinsa. Shi ne kuma ya ce matsoraci ba ya zama gwani.

Sadauki_Jos:
Ni fa na ɗauka Churchill ne ya faɗe ta lokacin yaƙin Hitila.

MalamarTarihi:
Ba shi ba ne ɗan'uwa, mutane da yawa na haɗa su. Churchill sai a Mayu 1940 ya zama firaministan Birtaniya, shekara bakwai bayan wannan jawabi. Amma ita ma'anar ta girmi Roosevelt, marubuta a Faransa da Ingila sun faɗi kusan haka ɗaruruwan shekaru kafinsa. Shi ya dace da ranar da kunnuwa ke buƙatarta.

Almajirin_Zaure:
Ina da gyara ta fuskar addini, don kada yaro ya rubuta abin da zai ruɗa shi. Musulmi ba zai ce babu abin tsoro sai tsoro ba a sake haka, domin Allah shi ne mafi cancantar a ji tsoronsa. Amma in ana nufin firgicin da ake watsawa cikin jama'a, to Alƙur'ani ya riga kowa. A Suratu Ali Imrana, bayan Uhudu, aka zo aka ce wa Musulmi mutane sun tara muku runduna, ku ji tsoronsu. Ga raunuka a jikinsu, ga gawawwakin 'yan'uwansu ba a daɗe da binnewa ba, suka ce hasbunallahu wa ni'imal wakil, kuma suka fita. Aya ta 175 ta ce Shaiɗan ne ke tsoratarwa da majiɓintansa, kada ku ji tsoronsu, ku ji tsorona. Ku lura ba zama suka yi ba, fita suka yi da makamansu. Malam Ɗan_Tsafe, a Baƙara kuma Allah da kansa ya ambaci tsoro tare da yunwa cikin abubuwan da ake jarraba bayi da su, don haka naka ba rauni ba ne, jarrabawa ce. Allah ya yaye.

Baba_Ritaya:
'Ya'yana, na yi shekara talatin da ɗaya a aikin banki kafin in ajiye, bari in sa baki. Abin da ya sa ake tuna wannan magana har yau ba daɗinta ba ne. Shugaban da ya gabace shi, Herbert Hoover, shi ma ya shekara uku yana ce wa mutane su kwantar da hankali, abubuwa sun kusa gyaruwa, ba wanda ya saurare shi. Bambancin shi ne abin da ya biyo baya cikin kwana tara.

Ranar Litinin 6 ga Maris Roosevelt ya rufe duk bankunan ƙasar. Ranar 9 ga wata majalisa ta zartar da dokar gaggawa ta bankuna a yini ɗaya, aka ba gwamnati ikon duba littattafan kowane banki, mai lafiya a buɗe shi, marar lafiya a riƙe shi, babban banki kuma ya tanadi takardun kuɗi ga waɗanda za a buɗe. Daren Lahadi 12 ga wata ya shiga rediyo, hirar farko cikin waɗanda aka riƙa kira hirar bakin murhu. Bai yi wa mutane wa'azin jarumta ba. Bayani ya yi musu kamar yadda Alhajin_Kwari ya yi mana a sama, cewa banki ba ya kulle kuɗinka a ɗaki, juya su yake yi, shi ya sa ko banki mai lafiya ba zai iya biyan kowa rana ɗaya ba. Ya ce musu kuɗinsu sun fi tsira a bankin da aka sake buɗewa fiye da ƙarƙashin katifa. Washegari aka fara buɗewa, sai ga layi, amma na masu mayar da kuɗi. Ranar 15 ga wata da kasuwar hannun jari ta buɗe, ta tashi da fiye da kashi 15 cikin ɗari a yini guda.

A watan Yuni aka kafa hukumar inshorar ajiya, ta fara aiki a Janairu 1934 da lamunin dala 2,500 ga kowane mai ajiya. A 1933 bankuna wajen 4,000 suka rufe, a 1934 tara kacal cikin masu inshora. Mu nan sai a 1988 aka kafa tamu, NDIC. Na ga shekarun 1990 da idona, na ga dattawa suna kuka a bakin ƙofar da aka sa wa kwaɗo. Mutum ba ya daina tsoro don an ce ya daina. Sai ya ga an sa wani abu tsakaninsa da ramin.

Lauyan_Talakawa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai abin da aka tsallake. Ita inshorar ajiyar nan Roosevelt da farko ba ya sonta, 'yan majalisa ne suka matsa har ya sa hannu. Na biyu, a cikin jawabin nan da ake yabo ya ce in majalisa ta gaza zai nemi iko mai faɗi irin wanda ake ba shugaba in abokan gaba sun shigo ƙasa. A Afrilu 1933 ya ba da umarni mutane su miƙa zinariyarsu ga gwamnati a kan dala 20.67 kowane oza, bayan 'yan watanni gwamnati ta mayar da farashin dala 35. Kuma karayar ba ta ƙare da jawabi ba, a 1937 tattalin arzikin ya sake faɗuwa, rashin aiki bai kau da gaske ba sai da yaƙi ya zo.

Babban abin da ke damuna ma shi ne 1942. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, a Disamba 1941, mutumin nan da ya ce a guji firgici marar hujja shi ya sa hannu ranar 19 ga Fabrairu a kan umarnin da ya sa aka kwashe mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu aka tsare su a sansanoni. Kashi biyu cikin uku 'yan ƙasar Amurka ne, da yawa yara ƙanana, ba a kai su gaban alƙali ba. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara ta biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000. In wannan ba firgici marar hujja ba ne, to mene ne shi?

MalamarTarihi:
Barista, ban da abin cewa a kan 1942, gaskiya ka faɗa kuma tabo ne da ba ya gogewa. Ni ina koya wa ɗalibaina duka biyun a darasi ɗaya. Abin da zan ƙara kawai a kan batun iko: a duba abin da ke faruwa a Jamus a wannan makon. Hitila ya hau mulki 30 ga Janairu 1933, an ƙona ginin majalisarsu 27 ga Fabrairu, washegari aka dakatar da 'yancin jama'a da sunan kare ƙasa, aka yi zaɓe 5 ga Maris, kwana ɗaya bayan jawabin Roosevelt. Ƙasashe biyu, yunwa iri ɗaya, rashin aiki iri ɗaya. Ɗaya ya ce wa mutanensa ga waɗanda za ku ji tsoro, ya nuna maƙwabtansu. Ɗayan, a wannan rana dai, ya ce musu firgicin ne abokin gaba, kuma ta majalisa ya bi.

Bakatsine77:
To na janye rabin maganata. Rabin kawai, don abin da Barista ya kawo ya tsaya min a wuya.

Nas_Hadiza:
Ni kalma ɗaya ce ta tsaya min a fassarar Malama, inda ta ce firgici na shanye jiki. Mutumin da ya faɗi haka ƙafafunsa a shanye suke. A 1921, yana da shekara 39, ciwo ya kama shi, likitoci suka ce shan inna ne, bai ƙara tafiya da kansa ba. Ranar rantsarwar da ƙarafuna a ƙafafunsa ya isa wurin jawabin, yana dafe da hannun ɗansa James. Kuma kwana goma sha bakwai kafin nan, a Miami, wani ya buɗe masa wuta, harsashi ya sami magajin garin Chicago, Anton Cermak, wanda Roosevelt ya riƙe a mota har asibiti, ya rasu kwana biyu bayan rantsarwar. Don haka Yaya Ɗan_Fagge, mai kuɗi ne ɗan masu kuɗi, wannan gaskiya ne, bai san yunwa ba. Amma ya san tsoro.

Mu ma'aikatan lafiya kuma mun san abin da fargaba ta yi mana a kan wannan ciwon dai. Da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003 zuwa 2004, ina sabuwar ma'aikaciya. Iyayen da suka ƙi ba mugaye ba ne, son 'ya'yansu ne ya sa, kuma akwai abubuwan da suka faru a baya da suka sa mutane rashin yarda. Amma akwai yaran da nake gani yau sun girma a kan keken guragu. Abin da ya dawo da mutane ba tsawa ba ce, sarakuna da malamai ne suka fito aka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Almajirin_Zaure, ka tuna min da wani abu. A Janairu 1941 Roosevelt ya sake wani jawabi inda ya lissafa 'yanci huɗu da ya ce kowane ɗan Adam ya cancanta: na faɗin albarkacin baki, na addini, kuɓuta daga talauci, da kuɓuta daga tsoro. Biyun ƙarshe ai su ne ƙarshen Li'ilafi da muke karantawa tun muna yara, wanda ya ciyar da su daga yunwa ya amintar da su daga tsoro. A nan bai ce mutane su cire tsoro daga zuciyarsu ba, ya mayar da shi haƙƙi da ake bin masu mulki.

Ɗan_Tsafe:
Na dawo, na karanta duka. Na gode da addu'o'i, Allah ya bar zumunci. Maganar Baba_Ritaya ita ta fi zauna min, inda ya ce sai an sa wani abu tsakanin mutum da ramin. Zan kuma faɗi wata gaskiya da ban faɗa ɗazu ba don raina a ɓace yake. Mu ma muna da irin wancan firgicin a kan namu tsoron. Bara wani yaro ya shigo kasuwa a guje yana cewa ga su nan, aka watse, aka tattake wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ta karye a ƙugu, ashe makiyaya ne ke wucewa da shanunsu. Akwai kuma baƙon da aka kusa kashewa don ba a san fuskarsa ba, ashe ɗan'uwan wani ne ya zo gaisuwar mutuwa. Wannan duk ya faru. Amma gonar mahaifina tana nan ban noma ba, kuma ba firgici ne ya hana ni ba.

Lauyan_Talakawa:
Labarin baƙon nan shi ne 1942 a ƙaramin gari. Allah ya kiyaye.

Ɗan_Fagge:
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Na zaunar da yaron na karanta masa tun daga bayanin Malama har na Ɗan_Tsafe. Ya ce zai fara da labarin dattijon kasuwa, sannan ya kawo kwanakin da Baba ya lissafa. Sai ya tambaye ni ko ya sa batun 'yan Japan, yana tsoron kada malaminsu ya ce ya fita daga tambaya ya rage masa maki. Malama, ke da kike aikin, me kika gani?

MalamarTarihi:
Ya sa, ko da layi uku ne, a sakin ƙarshe. In malamin ya rage masa maki ka turo min takardar in gani.

Alhajin_Kwari:
Ka ce masa kuma ya rubuta cewa dattijon ya biya kowa har kwabon ƙarshe kafin ya rasu, shekara huɗu ya ɗauka. Ɗazu na manta ban faɗa ba.